Agarar Gidan Baduku

Shagon Baduku bai fi taku huɗu ba a faɗi, yana maƙale tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da kwanuka. Shekara ashirin da biyu yana zaune a kan kujera guda, ƙafar katako ta ɗora takalmi tsakanin gwiwoyinsa, basilla a hannu, warin gam ya kama kayansa har matarsa ta gaji ta daina ƙorafi. Duk layin Baduku suke ce masa, shi ma da haka yake amsawa.

Wata Talata da hantsi wata mata ta shigo tana ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Dunduniyar ce ta ɓalle mata a bakin titi, ga shi ta makara wurin aiki. Ya tura mata benci, ya karɓi takalmin ya juya shi.

"Minti goma, Hajiya. Amma wanda ya sayar miki da wannan bai ƙaunace ki ba."

Ta yi dariya ta zauna. Yana shafa gam ya lura ba takalmin take kallo ba, ƙafarsa take kallo. Shi kuwa kullum take bayan takalminsa yake yi, don akwai wani kullutu mai tauri a agararsa ta hagu da ta dama, kowanne kamar ƙwan tantabara.

"Malam, ka yi haƙuri da tambaya. Wannan abin na bayan ƙafarka, tun yaushe?"

"Wannan? Ai gadon gidanmu ne. Wasu a bar musu gida, mu agara aka bar mana."

"Yana ciwo?"

"Sai dai takalmi ya ci shi."

Ta ce ita likitar zuciya ce, a babban asibitin da ke bayan gada, ko zai bari ta taɓa. Baduku ya ji abin banbarakwai. Shi ne mai riƙe ƙafafun mutane, ba a taɓa riƙe tasa ba. Ya dai miƙa. Ta latsa kullutun a hankali, ta ce ya dunƙule hannu, ta duba gaɓoɓin yatsunsa, ta leƙa idonsa. Sannan ta tambayi mahaifinsa.

"Ya rasu. Yana da arba'in da shida. Yana tsaye yana jiran mota ya faɗi."

"Shi ma yana da wannan?"

"Nasa ya fi nawa girma."

"'Yan'uwa fa?"

Baduku ya ɗan dakata da guduma. Babban wansu ya rasu yana da arba'in da uku, yana hawa bene da buhu a kafaɗa. Shi kansa yanzu arba'in da huɗu gare shi, kuma ba ya son a tuna masa. A gidansu an daɗe da yanke cewa mazan gidan ba su tsufa. Ba a faɗa a fili, amma kowa ya sani, shi ya sa ma bai taɓa sayen injin ɗinkin fatar da yake ta buri ba. Wa zai saya wa?

Likitar ta ce, "Ba zan tsorata ka ba, kuma ban tabbatar ba sai an gwada jini. Amma akwai wani ciwo da ake gado, hanta ba ta iya kwashe kitsen da ke yawo a jini. Tun mutum yana yaro yake taruwa, wani ya zauna a agara, wani ya liƙe a jijiyoyin zuciya. Idan shi ne, yana da magani."

"Ni da ba ni da ƙiba? Dube ni fa, kamar basillar nan."

"Ba ruwansa da ƙiba."

Ta rubuta lambar ɗakinta a bayan wata takarda, ta sa takalminta ta tafi. Baduku ya cusa takardar cikin gwangwanin ƙusoshi, ya ci gaba da aiki.

Takardar ta yi sati uku a nan. Da ba don matarsa ba, da ta yi shekara. Ta kawo masa abincin rana, tana neman ƙusar da za ta rataye labule, sai ta zaro takardar. Ya ba ta labarin yana dariya, don ta ɗauka wasa ne. Ba ta yi dariya ba.

"Baban yara, kai ne fa ka fara tsayawa a tsakiyar matakala kana cewa wayarka kake dubawa. Kana tsammani ban gani?"

"Gajiya ce."

"To mu kai gajiyar asibiti."

Washegari ta riga shi shiri. Suka zauna a kan kujerun roba a wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa, aka ɗebi jininsa, aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka sa shi tafiya a kan wani injin da ba ya kai mutum ko'ina. Bayan kwana huɗu Likita ta ajiye takarda a gabansu ta zagaye wata lamba da biro. Ta ce kitsen jininsa ya ninka na lafiyayyen mutum kusan sau uku, kuma hoto ya nuna jijiya ɗaya ta fara ƙuntata, amma ba ta toshe ba.

Matarsa ta riƙe gefen tebur. Shi kuwa tambaya ɗaya ce ta fito masa.

"Wato abin da ya kashe Baba yana da suna?"

"Yana da suna. Kuma da a yau ne, da wataƙila ya ga jikokinsa."

Baduku ya juya fuska wajen taga. Shekara talatin yana ɗauke da abin a matsayin hukuncin da aka riga aka yanke, ashe abu ne da ake aunawa a rubuta a takarda.

Ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum. Sannan ta ce akwai binciken da asibitinsu yake ciki tare da wasu asibitoci, a kan wata allura da ake yi sau biyu a shekara, ana son a ga ko tana rage haɗarin bugun zuciya ga masu irin ciwonsa. Ba dole ba ne. Kowa a cikin binciken zai ci gaba da shan ƙwayarsa, amma allurar, rabi za su sami maganin, rabi ruwa ne kawai, kuma na'ura ce ke raba su.

"Ke ma ba ki san wadda za a yi min ba?"

"Ni ma ban sani ba. Da na sani, da zuciyata ta karkata, in riƙa ganin abin da nake so in gani."

"To in ruwan aka ba ni, na yi aikin banza ke nan."

"Ba ka yi ba. Da kai za a auna. In babu masu ruwan, ba wanda zai san ko maganin na aiki."

Ya karɓi takardun yarda, shafi shida, ya kai gida. Babbar 'yarsa mai shekara goma sha biyar ta karanta masa su daga farko har ƙarshe, har wurin da aka ce yana iya fita duk ranar da ya ga dama. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya sa hannu.

Ranar allurar farko Likita ta ɗauko farar takarda ta ce tana so ta zana danginsa, don duk ɗan mai ciwon yana iya gadonsa ko ya tsira, rabi da rabi ne. Ta ce ta san da wuya ya san wanda ke da kullutun da wanda ba shi da shi.

Baduku ya yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

"Likita, ni nake wa gidanmu takalmi. Ba ƙafar da ban riƙe ba."

Ya fara jerowa. Yayarsu mace tana da shi a hagu kawai, kullum sai ya sassaƙe mata bayan takalmi ya sa soso. Autansu, direban babbar mota, yana da shi duka biyun. 'Ya'yan marigayi wansu huɗu, na biyu da na huɗu. Gwaggonsu ba ta da shi, ga ta nan ta haura saba'in tana faɗa da kowa. Ɗan baffansu mai gyaran famfo yana da shi. Likita ta cika takarda ta juya baya, tana rubutu tana girgiza kai. Ta ce ta shekara tara tana wannan aiki, ba a taɓa kawo mata dangi a jere haka ba.

"Amma ka sani," in ji ta, "rashin kullutu ba shaida ba ce. Yara musamman, ba ya fitowa da wuri. Kowa sai an gwada."

Daga nan Baduku ya shiga yawon gidaje. Ranar da ba ya buɗe shago sai ya ɗauki takardun asibiti ya hau mota. Yayarsa ta saurare shi tana ninke wanki, da ya kai wurin maganar Baba sai ta zauna a kan kayan ta yi kuka mai isarta, ta share ido ta ce wace rana za a je. Matar marigayi ta kawo 'ya'yanta huɗu da kanta. Gwaggo ta ce ita ba mai tsira mata allura, amma ta bi sauran da masifa har suka je.

Auta ne ya gagara. Baduku ya same shi a garejin manyan motoci, yana kwance ƙarƙashin mota, sigari a baki.

"Yaya, ni fa lafiyata ƙalau. Ka je an mai da kai ɓeran gwaji, yanzu kana neman abokin tafiya."

"Jini kawai za a ɗiba, cokali guda."

"In sun gano fa? Su ce kar in yi tuƙi? Ka bar ni. Ranar da ta zo ta zo."

"Haka Baba ya ce."

"To ni ɗansa ne."

Baduku ya tsaya yana kallon ƙafafun ƙanensa da suka leƙo daga ƙarƙashin motar, sannan ya juya ya tafi.

Sakamakon 'ya'yansa uku ya fito a sati na gaba. Ƙananan biyu ba su da komai. Babbar, wadda ta karanta masa takardu, wadda agararta take sumul kamar ta uwarta, ita ce ta gada. Wannan ya dake shi fiye da nasa sakamakon. A barandar asibitin ya zauna ya haɗa kai da gwiwa.

"Ni na ba ta," ya ce wa matarsa.

"Kai ka ba ta, kai kuma ka kawo ta. Tashi, tana kallonka."

Likita ta kira su ciki, ta yi magana da yarinyar kai tsaye. Ta ce an bi yara masu irin wannan ciwo shekaru masu yawa, waɗanda suka fara shan magani da wuri, aka tarar jijiyoyinsu sun kusa zama daidai da na 'yan'uwansu marasa ciwon. Yarinyar ta tambaya ko za ta daina gudu a makaranta. Likita ta ce ta ƙara ma. Ta tambaya ko ƙwayar na da ɗaci. Aka ce ƙarama ce, haɗiyewa ake yi. Ta ɗaga kafaɗa ta ce to shi ke nan, ita ta ɗauka wani babban abu ne.

Gidan ya sauya a hankali. Matarsa ta rage mai a girki, ta daina soye-soye, yara suka yi bore na sati guda suka haƙura. Uba da 'ya suka ajiye kwalaben maganinsu a kan firji, kowa na tsaron kowa. Baduku ya daina hawa mota zuwa shago, yana tafiya da ƙafa minti ashirin da biyar, da farko yana hutawa sau biyu, daga baya ba ya tsayawa. Wata na biyu cinyoyinsa suka yi ta tsami, ya je ya faɗa, aka sauya masa ƙwaya, tsamin ya tafi. Bayan wata shida lambar da Likita ta zagaye ta sauko ƙasa da rabi. Ya tambaye ta ko allurar ce ko ƙwayar. Ta ce shi da ita duk sai binciken ya ƙare za su ji, shekara huɗu nan gaba.

"Shekara huɗu," ya maimaita. Ya ji bakinsa ya faɗe ta ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Cikin mutum goma sha tara da aka gwada a dangin, takwas suna da ciwon, duk sun fara magani. Saura Auta.

Yarinyar ce ta karɓi wayar babanta wata safiya ta kira shi. Baduku yana ɗaure igiyar takalmi yana jin ta.

"Baba Ƙarami, ni ma ina da shi. Ranar Alhamis za a sake ɗibar jinina, Baba yana da aiki, Mama za ta kai ƙannena makaranta. Kai za ka raka ni." Ta saurari amsarsa. "A'a, ni ba na tsoro. Kai ne aka ce kana tsoro."

Ranar Alhamis Baduku bai da wani aikin da ya fi na kullum, amma ya buɗe shago ya zauna. Wajen sha ɗaya wayarsa ta yi ƙara. Hoto ne 'yarsa ta turo: Auta a kan kujerar ɗibar jini, hannun riga a naɗe, ya runtse ido ya kawar da kai, ƙaton mutum ya damƙe hannun yarinya kamar zai karya. Ƙarƙashin hoton ta rubuta cewa ya ce kar a faɗa wa kowa.

Baduku ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Mai gyaran waya ya leƙo ta ƙofa ya tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," ya ce, yana miƙa masa wayar. "Zo ka ga direban babbar mota."