Cokali Uku na Sukari

Tun kafin ƙarfe tara masu jiran gwajin jini suka cika barandar asibiti. Babbar nas, wadda kowa ke kira Sista, tana wucewa da tire sai idonta ya faɗa kan wani dattijo a ƙarshen benci. Tsohon shugaban makaranta ne, mai ciwon sukari, wanda bai taɓa barin ta riga shi gaisuwa ba. Yau kuwa harara ya bi ta da ita. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa alhali rana ba ta ɗaga ba, yatsunsa na rawa a kan sanda.

"Baba, ina kwana?"

Ya buɗe baki, magana ta fito a cakuɗe.

"Ƙyale shi, Sista," in ji matarsa. "Fushi yake, don an hana shi karin kumallo sai an ɗibi jini."

"Allurar safe fa, Mama?"

"Da hannuna na yi masa. Ni ba na tsallake lokaci."

Nan take Sista ta gano matsalar. Allurar rage sukari ta shiga, abinci bai bi ta ba, sukarin jininsa ya yi ƙasa ke nan. Na'urar awon sukari kuwa tana can hawa na biyu. A shekara talatin na aikinta, sau biyu ta ga an tsaya jiran awo a kan irin wannan, ɗaya bai farka ba. Ƙa'idar magabatanta ba ta sauya ba: muddin mutum yana iya haɗiya, a ba shi zaƙi, awo ya biyo baya.

Ta ruga ofis, ta dama cokali uku na sukari a rabin kofin ruwa. Tana kai shi bakinsa, matar ta cafke wuyan hannunta.

"Shekara goma sha ɗaya ko ƙwayar sukari ban bari ta shiga cikinsa ba! Kashe min shi za ki yi?"

"Mama, jiya guba ne, yanzu magani. In ya suma, ƙofar baki ta rufe. Sake ni."

Kan dattijon ya fara langaɓewa. Matar ta dube shi, ta dubi kofin, sai ta karɓe shi.

"Kawo. Daga hannuna yake sha."

Ya kurɓa, ya haɗiye, ya sake kurɓa. Sista na riƙe da jijiyar hannunsa, idonta a kan agogo. Sai da minti goma suka shuɗe kafin ya ɗaga kai, ya gyara zaman hularsa.

"Sista, ina kwana?" Ya lashi leɓe, ya dubi matarsa. "Ke kika ba ni wannan? Yau wace rana!"

"Kada ka saba," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi.