Zankon Eusebio

Ofelia ta shigo da kwanon ruwan sabulu, ta tarar aikin gama ya gama. Gawar maƙwabcinta Eusebio na kwance cikin akwati, kai ƙwal kamar bayan ƙwarya. Zankon da yake tayarwa da sabulu tun suna samari, tun ranar da kiɗan pank na 'yan bijirewa ya fara kama su a wani kango a garinsu Neza, ga shi can an share shi bayan ƙofa.

"Don Fidencio, wa ya yi masa aski?"

Wan mamacin ya gyara wuyan kwat. "Ni. Ya kunyata mu yana raye, ba zai je gaban Ubangiji kamar zakara ba."

"Da bakinsa ya ce in tayar masa da shi."

"Ke ma, Doña Ofelia, ki ji kunyar furfurarki."

Ta zubar da ruwan a gindin bango, ta bi unguwa gida-gida tana kiran tsofaffin abokan rawarsu.

Washegari da hantsi aka fito da akwati. Fidencio na gaba, yana amsa gaisuwa kamar mai neman ƙuri'a. A bakin layi suka ci karo da tsofaffi cikin rigunan fata da suka daina rufe tumbi, da amalanke ɗauke da lasifika.

"Chucho," in ji Ofelia ga direban bas da ke riƙe da amalanken, "saki kiɗan."

"Gwiwata fa, 'yar uwa?"

"Tun kana yaro ba ka iya rawa ba, kada ka ɗora wa gwiwa."

Ƙarar jita ta ɓarke daga lasifikar. Tsofaffin suka shiga bangazar juna da kafaɗa, irin rawarsu ta dā, da'irar tana matsowa har ta haɗiye Fidencio.

"Mahaukata! Jana'iza ce fa!"

Kafaɗar Ofelia ce ta kai shi cikin kwata.

Rawar nan doka ɗaya gare ta: wanda ya faɗi, a ɗaga shi, ko maƙiyi ne. Eusebio bai taɓa karya ta ba. Chucho ya sunkuya, ya miƙa hannu.

"Bar shi," in ji Ofelia. "Wannan ba namu ba ne."

Aka kashe kiɗan. Ta sa kafaɗarta ƙarƙashin akwatin, suka wuce a hankali. Fidencio na zaune cikin baƙin ruwa, hularsa tana bin kwata.