Tantin da Baban Lauya Ya Ɗinka

Mijina tela ne, kuma duk abin da aka yi da yadi a duniyar nan, in ya gani sai ya ce zai ɗinka wanda ya fi shi. Shi ya sa da muka shirya kai yara kwana a bakin tafki, inda iyalai ke zuwa su kafa tanti a ƙarshen mako, ban ma ɓata bakina na ce a sayo ba. Ya dai shiga wani kanti, ya juya nasu ciki da bai, ya ja ɗinkin da yatsa, ya yi tsaki, ya fito.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji shi. "Ki ba ni lokaci kawai."

Falonmu ya koma shago. Keken ɗinki ya dawo gida, tamfol ruwan ganye ya shimfiɗe daga bakin ƙofa har ƙarƙashin talabijin, ni kuma ina bin bayan mutumin nan ina tsintar allura kada Bulo ya haɗiye. Bulo shi ne jaririnmu, ya fara rarrafe, kuma duk wadda ta taɓa goya shi ba ta tambayar dalilin sunan. Yayarsa ita ce Lauya, shekararta uku. Ba ka isa ka ce mata zauna ta zauna ba sai ta ji hujja.

Gaskiya tantin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya haɗe ƙasan da bango don kada ƙwaro ya shigo, ya yi taga da ragar gidan sauro, ya jera aljihuna a ciki kamar rigar maharbi. Da ya gama ya kafa shi a tsakar falo, ya tura mu ciki, ya ja zif ya rufe, ya ja ya buɗe, ya sake rufewa, yana murmushi shi kaɗai.

Ni dai ba tanti ne a raina ba, Lauya ce. Ba ta daɗe da barin famfas ba, kuma da kyar da jiɓin goshi muka kai nan. A karon farko har ta saba, sai rannan ta jiƙe a gidan kakarta, 'ya'yan ƙanwar babanta suka yi ta nuna ta suna dariya. Yarinyar da bakinta ba ya rufuwa ta yi tsit. Ta koma famfas, ko fo aka ambata sai ta ɓoye a bayan labule. Sai kwanan nan ta sake yarda, kuma wannan tafiyar ce fitarta ta farko da wando zalla. Ita da kanta ta zaɓi wandon, mai hoton agwagwa.

"Ni babba ce," ta gaya wa mai gadin gidanmu muna loda mota. "Famfas na Bulo ne."

Na san in ta jiƙe a can, mun koma farko, kuma ban san yadda zan sake kallon waccan fuskar ba.

Muka isa da hantsi. Wuri ne mai ciyawa da itatuwa, tantuna nan da can, banɗaki da famfo can nesa a ƙarshen fili. Baban Lauya ya zaɓi gefe, nesa da kowa, wai don a ga tantinsa da kyau. Yana buga turaku, Lauya tana riƙe da guduma tana gaya masa ba haka ake yi ba. Bulo kuwa na ajiye shi a kan bargo, kafin in juya ya cika baki da ciyawa, na ƙwaƙule, na juya, ya koma kan takalmin babansa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya tambayi inda muka sayi tantin, mutumin nan kuwa sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Ai ba a sayar da irinsa."

Doka ɗaya ya kafa: fo ba zai shiga tantinsa ba. Na ce to, na ajiye shi a gindin wata bishiya, taku kaɗan daga ƙofa. Lauya ta yi amfani da shi kafin abincin rana, muka tafa mata, ta sunkuya kamar wadda ta ci gasa. Daga nan ta sha lemo, ta sha kankana, ta ƙara da ruwan babanta.

Bayan mun ci abinci rana ta buɗe, mutane suka gangara tafki, filin ya yi shiru. Na shiga ciki da yaran don su yi barci. Tun da aka kafa tantin ƙofar a naɗe take, sai yanzu babansu ya sauke ta.

"Bari in rufe muku saboda ƙuda," in ji shi daga waje. "Zan je in ɗebo ruwa, in ga masu kamun kifin nan."

Na ji zif ya tafi har ƙasa, na ji takunsa yana nisa yana fito. Bulo ya kama nono, idonsa ya fara lumshewa, iska tana shigowa ta raga. Har na fara cewa a raina ashe mutumin nan yana da gaskiya.

"Mama, fitsari."

Na lallaɓa na miƙa hannu zan buɗe ƙofa. Na shafa sama, na shafa ƙasa. Babu abin ja. Na kwantar da Bulo, na durƙusa, na duba da kyau. Zif ɗin doguwar rigar mata ya sa mana! Hannun jan zif ɗin ɗaya ne, yana waje, kuma irin wanda ke kulle kansa ne da zarar an kwantar da hannun. Ya kuma bi shi da wani ɗinki ya ɓoye shi tsaf, yadda yake wa amare don kada zif ya ɓata ado. Shi tun da ya fara sana'a a bayan riga yake tsayawa ya ja zif. Bai taɓa shiga cikin abin da ya ɗinka ba, balle ya yi tunanin yadda ake fita.

"Mama, fitsari fa."

"Na ji, 'yar albarka, riƙe kaɗan."

Na tura da farce, ya ƙi. Na sa cokali, cokalin ya lanƙwashe. Na ɗauki waya na kira shi, sai ga tasa tana ƙara a aljihun da ke saitin kunnena. Wayyo, ni 'yasu! Na kafa baki a taga na ƙwala masa kira, na kira duk wanda ke kusa, babu wanda ya amsa sai Bulo, da ya farka ya buɗe nasa maƙogwaron.

Lauya ta fara taka rawa, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ɗauko kwanon roba na ce ta yi a ciki.

"A nan muke cin abinci."

"Zan wanke."

"Manya ba sa fitsari a kwano."

Gaskiyarta ce. Sai na yi kuskure, na zaro famfas ɗin Bulo na ce sau ɗaya kawai, ba wanda zai sani. Yarinyar nan ta dube shi, ta dube ni. Ba ta yi gardama ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Ta ja baya ta manne da bango, ta riƙe wandonta da hannu biyu, hawaye suka zubo.

"Ni zan sani," in ji ta a hankali.

Na yi jifa da famfas ɗin. Raina ya ɓaci, tausayi ya kama ni, na shiga laluben aljihunan nan ɗaya bayan ɗaya. Tocila, sabulu, igiya. A na ƙarshe na ci karo da jakar kayan aikinsa, wadda ba ya zuwa ko'ina ba tare da ita ba, a ciki ga almakashinsa. Almakashin nan ko zare ba a yarda in yanka da shi ba. Na tsaya da shi a hannu, na tuna yadda ya yi ta sunkuyo a kan keke har bayansa ya ƙage, na tuna murmushin nan nasa a falo. Allah ya sani na ji nauyi.

"Mama!"

Na soka shi a bangon da ke kallon bishiyar, na keta daga gwiwata zuwa ƙasa, na karkata na ƙara gefe. Tamfol ɗin ya yi wata ƙara kamar an yaga zanen sabuwar amarya. Na tura Lauya ta ramin, ta fita da gudu tana cire wando tun a hanya, ni kuma na leƙo da kai, Bulo a hammata yana ihu, ina addu'a kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Ta kai. Da na ji sautin nan a cikin fo, wallahi ban taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba. Na zauna dirshan ina dariya, hawaye na zuba.

A haka ya same mu, jarka a hannu, yana ta fito. Fiton ya tsaya. Ya ajiye jarkar, ya zo ya durƙusa a gaban ramin, ya kama bakin yadin da ke lilo. Ni kuwa na riga na tanadi maganganu, na jera su tsaf, jira kawai nake ya buɗe baki.

"Da almakashina?" in ji shi.

"Da shi fa. Zagaya ka buɗe ƙofarka, ka shigo, in rufe ka, ka nuna mini yadda ake fita."

Ya zagaya, ya buɗe, ya leƙa bayan zif ɗin. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya dafe kai, ya ce, "Kai! Kai! Kai!" Kunya ta rufe shi har kunnuwa, ni kuma duk maganganun da na tanada suka bi iska.

Lauya ta taso, ta ja wandonta sama har ƙirji, ta zo ta tsaya a gabansa.

"Baba, taɓa ka ji. A bushe yake."

Ya taɓa. Ya dube ni, na gyaɗa masa kai, ya gane abin da ya kusa faruwa. Ya rungume ta ya daɗe bai sake ta ba.

"Kuma Mama ta yi mini ƙofa," in ji ta ta saman kafaɗarsa. "Amma a karkace take."

"Na gani," in ji shi. "Mamanki ba ta iya yanka ba. Bari a gyara."

Na bar masa wannan. Ya zaro tef ɗin awo da alli daga jakarsa, ya zauna a ciyawa a gaban ramin, ya ce ta zo ta tsaya a jikin bango. Lauya ta zo, ta miƙe wuya, ta ɗage dugaduganta sama tana rawar jiki don kada ta faɗi.

"Baban Lauya, ɗage take yi fa," na ce.

"Bar ta," in ji shi, ya ja layin allin a saman kanta. "Ƙofar babba ce."