Minti Goman da Ban Saita Ba

Ranar Talata, sha ɗaya saura kwata na safe, na yanke layin wayar unguwanni shida, har da tamu.

Shekara sha tara ina aikin haɗa layukan sadarwa. A aikinmu akwai ƙa'idar da ake koya wa kowa tun makon farko. In za ka taɓa saitin na'urar da ke nesa, kuma ta layin da kake gyarawa kake magana da ita, ka fara ba ta umarni: bayan minti goma ta kashe kanta ta tashi da tsohon saiti. In gyara ya yi kyau, ka soke umarnin. In ka datse kanka, ka naɗe hannu ka jira. Da hannuna na rubuta wannan ƙa'ida a allon ofishinmu. Ranar nan ban bi ta ba. Abu ɗaya tak zan canja, na raina shi.

Na danna. Kwamfutar ta yi shiru, na'urar ta daina amsawa.

Dogo, abokin aikina da teburinsa ke kallon nawa, ya ɗago kai. "Babban malami, ka dai sa minti goman ko?"

Na miƙe tsaye.

Ya jefo mini makullin mota. "Allon fa, mu goge ko mu bar shi don tarihi?"

Na'urar tana wani ɗan ɗaki a gindin ƙarfen sabis, can bayan gari. Sai mutum ya je da ƙafarsa ya jona mata waya.

Ina tsaye a danja na kalli agogo. Sha ɗaya da minti goma, kuma wayata ba ta yi ƙara ba.

Matata, Malama, tana da ciwon zuciya. Kullum sha ɗaya daidai take kirana ta ce ta sha magani, ta ƙara da cewa kada in ci abincin rana a tsaye. Likita ya ce da zarar ƙirjinta ya riƙe ta nemi wani, kada ta jira. Ni na sa mata lambata a sahun farko.

Na kira ta. Wata murya ta sanar da ni cikin ladabi cewa ba a samun lambar a yanzu. Na fi ta sanin dalili.

Gida yana hagu, tafiyar rabin awa. Ƙarfen yana dama, minti ashirin. Na yi lissafi irin namu: in layi ya dawo, kowa ya samu, har da ita. Na karanta littattafai da yawa a kan mutanen da suka tsaya a mararraba, ban ga inda ake danna musu hon ta baya ba. Na karya dama.

Kwaɗon ƙofar ɗakin na'urar ya yi tsatsa. Makulli ya faɗi sau biyu. A ciki fankoki suna ta gurnani, fitilu suna ƙyaftawa kamar ba abin da ya faru. Gyaran bai ci minti ɗaya ba.

Nan take wayata ta fara zuba saƙonni. Lambar Malama, kira tara. Sai maƙwabciyarmu ta kira tana haki: a bakin ƙofa ta tsinci Malama, suna asibiti.

Na same ta da roba a hanci, leɓɓanta sun bushe. Ta buɗe ido ta yi ɗan murmushi.

"Injiniya, kamfanin nan naku sai a hankali. Sau tara fa."

"Na gani."

"In ka koma, ka ja kunnen wanda ya yi wannan aika-aika."

"Zan ja."

"Amma kada ka sa a kore shi. Wataƙila yana da iyali."

Na buɗe baki, nas ta taɓa kafaɗata ta ce in ba ta wuri. Na fita ina ce wa kaina sai ta ji sauƙi tukuna.

Ba ta kai yamma ba. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, sai ya kalli fuskata ya bar maganar a nan.

A ofis an rubuta rahoto, an ce matsalar na'ura ce. Dogo ne ya rubuta. Ba a goge allon ba, kuma har yau ni nake koya wa sababbi ƙa'idar.

Malama, ba a kore shi ba. Ni ne.