Taswirorin Malam

Saura kwana tara ta kare kundin digirinta na uku a gaban masu jarrabawa ta gano cewa abin da ta shekara huɗu tana rubutu a kansa kusan babu shi.

Fanninta lissafi ne, ɓangaren da ke nazarin sarari masu lanƙwasa waɗanda ake aunawa da lambobi masu sarƙaƙiya. Akwai sarari mai lanƙwasa irin ta ƙwallo, akwai mai irin ta sirdin keke. Taswira kuwa, a bakin masu wannan sana'a, ƙa'ida ce da ke ɗaukar kowane ɗigo na sarari ɗaya ta ajiye shi a ɗayan ba tare da ta ɓata tsari ba. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce malaminta ya ware wani jinsi na taswirori, daga mai kama da ƙwallo zuwa mai kama da sirdi, ya gindaya musu sharuɗɗa uku, ya buga takarda. Da ita ya zama farfesa, kuma daga cikinta ya yanko wa ɗalibar aikinta.

Ta tabbatar da abubuwa goma sha biyu game da taswirorin, shafi ɗari da arba'in, babu kuskure ko ɗaya. Misali kawai ta zauna nema da hantsi a ɗakin karatu don ta ƙawata gabatarwa, misali ya ce bai san zancen ba. Kafin rana ta take ta ga dalili cikin layi bakwai: duk taswirar da ta cika sharuɗɗan Malam, tattara sararin gaba ɗaya take yi ta dunƙule shi a ɗigo guda. Shi ya sa komai ya riƙa zo mata da sauƙi, ai ɗigo ba ya yi wa kowa gardama.

In ta faɗa, shekara huɗunta na iya tafiya, sunan tsohon ma ya bi su. In ta yi shiru, za ta karɓi digiri a kan iska.

Mijinta, mai shagon magani, ya ce ta amsa abin da aka tambaye ta kawai. A cewarsa babu mai karanta kundi ya wuce shafi na goma, shi ma da yake sonta a shafi na biyu barci ya kwashe shi. Ya tuna mata cewa innarta ta riga ta gama gaya wa maƙwabta za a yi dakta a gidan, har wasu sun fara kawo ƙarar ciwon baya.

Sau biyu ta je ofishin Malam don ta gaya masa. Na farko ta same shi yana ba shukarsa ruwa da kofin shayi, yana ba ta labarin yadda marigayiyar matarsa ta buga masa waccan takarda da keken rubutu mai makalewar harafi. Na biyu ya ce ita ce ɗalibarsa ta ƙarshe, kuma ya gode wa Allah da ya rufe da ita. Ta haɗiye maganar ta fito.

Ranar karewa aka zauna a ɗakin taro na sashen: dogon tebur, fanka mai ƙara, allo da ba a goge shi sosai ba. Baƙuwar mai jarrabawa, wata gajeriyar farfesa daga wata jami'a, ta yi awa ɗaya da rabi tana tambayoyi, ɗalibar na amsawa tiryan-tiryan. Har baƙuwar ta rufe kundin ta cire tabarau, sai ta ce, kamar mai tambayar ƙarfe nawa, a ba ta misali ɗaya na irin taswirar.

Da ɗalibar ta ce a duba takardar Malam, da an wuce wurin, don ba wanda zai tsananta a gabansa. Ta dubi tsohon, yana ta gyaɗa mata kai.

"Babu misali mai amfani," in ji ta. "Dukkansu ɗigo ɗaya suke bayarwa. Malam, ka gafarce ni."

Ta ɗauki alli ta rubuta layukan bakwai. Baƙuwar ta mayar da tabarau ta bi su a hankali, sannan ta ce layi na huɗu bai zauna ba. Da alamar tarawar da ke cikinsa hujjar ta rushe, ke nan kundin na nan daram. Shugaban zaman ya yi ajiyar zuciya, ya ce gajiya ce, a bar yarinya ta zauna.

Malam ya miƙe. Ya daɗe kafin ya kai allon, gwiwa ta yi masa tsiya a 'yan shekarun nan. Ya tsaya gaban layi na huɗu, ya karɓi allin daga hannunta, ya goge alamar da babban yatsa, ya ja gajeriyar sanda a wurin.

"Nan ragewa ne, 'yata. Hannunki ne ya zame."

Ya bi sauran layukan da yatsa har ƙasa, ya sake bi daga sama.

"Daidai ne," in ji shi. Ya juyo ga masu jarrabawa. "Waɗannan bakwai ɗin nata ne, a kansu za ku auna ta. Sauran shafukan ni na sa ta."

Ya miƙa mata allin, ya dafa tebur ya koma kujerarsa.