Asabar Mai Zuwa

"Inna, ɗan ɗaga ƙwaryar sama kaɗan. Yawwa. To, a yi mana murmushi."

Haris ne ke magana, manajan kamfanin, yana durƙushe a tsakar gidan da wayarsa a hannu, yana neman inda hasken hantsi ya fi kyau. Inna Dado tana zaune a kan tabarma gindin bishiyar bedi. An ɗaura mata sabon kallabi, an ba ta ƙwarya mai zane wadda ba tata ba. Ta ɗaga, ta yi murmushin, sai tari ya sarƙe ta, madarar da ke cikin ƙwaryar ta fantsama a zaninta.

Zuhaira, mai kamfanin, tana tsaye bakin zaure. Ta ga yadda awarwaron tsohuwar ya zame tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, babu abin da ya tare shi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da wannan gida, amma ta kasa tuna ranar da ta shigo ta zauna.

"Haris, ya isa haka," in ji ta.

"Hajiya, ɗaya kawai ta rage. Tsohon hoton ya koɗe, ba zai yi kyau a babban ƙyalle ba. Baje kolin Damagaram saura kwana tara."

"Ka bar shi ya ɗauka, ɗiyata," in ji Dado, tana goge baki. "Fuskar dai ce ta rage tana aiki."

Ta faɗa da dariya, Haris ma ya yi dariya. Zuhaira ta sunkuyar da kai.

Shekara goma sha uku ke nan da aka kawo Zuhaira amarya Belbeji daga Damagaram, ba ta san kowa ba. Dado, Bafulatanar da fari ya cinye wa shanu ta shigo gari da ɗiyarta Ikilima, ita ta fara leƙo ta ta kan katanga. Ita ta koya mata cuku: yadda ake sa wa madara maganin da zai kama ta ta daskare, yadda ake shimfiɗa ta siririya a kan tabarmar ciyawa, yadda ake gane rana ta ishe ta. Da kwando ɗaya suka fara, a tashar motar Tanut. Dado ce ke shiga rugage, ta yi Fillanci da Fulani, ta yi Buzanci da Buzaye, ta ɗanɗana madara da ɗan yatsa ta ce wannan an yi mata ruwa, wannan saniyar ta ci ciyawa mai ɗaci. Ba a taɓa kama harshenta da kuskure ba.

Da sana'a ta bunƙasa, banki ya yarda ya shigo, amma da sharuɗɗansa. Sai an yi rajista, sai an ɗauki manaja mai difloma, sai kowace ma'aikaciya ta iya cika takarda. Aka sayi mota da firigo na sanyaya madara mai aiki da hasken rana, da wani ɗan ƙarfe da ake tsomawa a madara ya faɗi ko da ruwa a ciki. Haris ya zo da tsarinsa, kuma tsarin ya yi aiki, wannan ba a musu. Shi ya kawo shawarar a sa wa kayan suna Cukun Inna Dado, a liƙa hotonta a kowace leda, domin mutanen birni suna son su ga hannun tsohuwa a abin da suke ci. Shi ne kuma, bayan wata shida, ya shimfiɗa takarda a gaban Zuhaira ya nuna mata cewa a cikin mata goma sha huɗu akwai guda ɗaya da ba ta da gurbi. Ba ta karatu, ba ta iya tsayuwar awa takwas, aikin harshenta kuma ƙarfe ya karɓe. Zuhaira ta yi kwana uku tana juya maganar, a na huɗu ta sa hannu. Aka yi ɗan taro, aka ba Dado turmin atamfa da buhun hatsi, aka ce an hutar da ita. Ta yi godiya, ta sa albarka, ta tafi gida da ƙafarta.

Da Haris ya gama hotonsa ya fita, Zuhaira ta zauna a gefen tabarmar.

"Inna, tun yaushe tarin nan?"

"Tun farkon damina. Ikilima ta kai ni wurin likita, sun ba ni ƙwayoyi. Ba shi ne ya dame ni ba." Ta ajiye ƙwaryar a gefe. "Har yanzu motarku tana shiga kwarin Tarka ran Asabar?"

"Tana shiga."

"Tana kaiwa rijiyar su Ila?"

"Nan ne zangon ƙarshe."

"To, ina da roƙo. Ila ƙanena ne, mu biyu muka rage. Shekara biyu ban sa shi a ido ba. Ƙafata ba ta hawan amalanke yanzu, babur kuwa sai dai a sauke gawata. Ki ce wa direbanku ya ajiye ni can da safe, in ya juyo ya ɗauko ni. In ga shanu, in ji warin garke. Shi ke nan."

"Wannan ai ba roƙo ba ne, Inna. Asabar ɗin nan ma."

Da la'asar ta gaya wa Haris a ofis. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya ce motar inshorarta ta ma'aikata ce kaɗai, in wani abu ya sami tsohuwar a hanya kamfani zai shiga uku. Ya ce kujerar gaba ma an riga an ba wa Samira mai gwajin madara, kuma Asabar ɗin nan ninki biyu za a kwaso saboda kayan baje koli, tsayuwar minti goma tana iya ɓata bido guda, jarkar madara cur.

"Hajiya, ke kika ce in hana ki duk ranar da kika so karya doka. In muka buɗe ƙofar nan, gobe kowace ma'aikaciya tana da tsohuwar da za a kai."

"Wannan ba kowace tsohuwa ba ce."

"Na sani. A bari mu dawo daga Damagaram. Asabar mai zuwa ni da kaina zan nemi hanya."

Gaskiya ya faɗa, ita ta ce ya riƙa hana ta. Kuma kamfanin nata ne, da ta ce a'a da an yi. Ba ta ce ba. Da yamma ta tsaya jikin katanga, ba ta shiga ba, ta ɗaga murya ta ce, "Inna, an samu ɗan cikas. Sai Asabar ta sama."

"Allah ya kai mu," in ji muryar daga ciki.

Asabar ta zo, mota ta fita da sassafe. Zuhaira tana shara ta hango Dado ta fito ƙofar gida da sandarta, ta tsaya tana kallon motar har ta sha kwana wajen kasuwar dabbobi. Mayafin fita ne a jikinta. Ko ta manta an ɗaga tafiyar ne, ko ta yi zaton za a sake shawara, Zuhaira ba ta tambaya ba. Ta koma ciki da tsintsiyarta.

A Damagaram abin ya wuce yadda suka zata. Ƙyallen ya kai tsayin mutum biyu, fuskar Dado tana murmushi a kan rumfarsu, ana hango ta tun daga ƙofar shiga. Mata masu gilashi suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto a ƙarƙashinta. Wani mai manyan kantuna a Yamai ya ɗanɗana, ya ce yana son kaya kowane wata. Ya nuna ƙyallen ya ce, "Mahaifiyarki ce?"

"Kusan haka," in ji Zuhaira.

"Har yanzu ita ke yi da hannunta?"

Haris ya riga ta amsawa. "Ita ce tushen komai, Alhaji."

Maganar yarjejeniya ta ja su har suka ƙara kwana huɗu a kan abin da suka shirya, Asabar ta biyu ta wuce suna can. Ikilima ta kira sau biyu. Na farko Zuhaira tana gaban Alhajin, ta kashe. Na biyu ta ɗauka, Ikilima ta ce, "Yaya, Inna ta daina cin tuwo, sai kunu." Zuhaira ta ce a saya mata duk abin da likita ya rubuta, tana nan tafe.

Ran Talata da azahar suka iso. Zuhaira ba ta shiga gidanta ba, ta wuce gidan Dado da kayan tafiya a jikinta. Ɗakin yana warin man zafi. Tsohuwar tana kwance a kan gadon kara, ta ƙanƙance kamar an rage ta.

"An sayar?" ta tambaya.

"An sayar, Inna. Har Yamai za a riƙa kai wa."

"Madalla. Ki kula da madarar kaka, ruwanta ya fi yawa. A ƙara mata rana."

"Inna, gobe zan kai ki wurin Ila. Ba sai Asabar ba. Ni zan ce a fito da motar, a shimfiɗa miki katifa a baya."

Dado ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, babu fushi a idon.

"Ɗiyata, yanzu ko bayan gida sai Ikilima ta ɗauke ni. Hanyar nan ta fi ƙarfina." Ta numfasa. "Ranar da na ce miki, ranar ina iyawa."

Zuhaira ta kama hannunta. Ta so ta yi maganar inshora, ta so ta ce Haris ne, ta ji duk ba su da nauyin da za a faɗe su a ɗakin nan.

"Ki yafe mini, Inna."

"Me kika yi mini? Kin riƙe sana'a. Mata goma sha uku suna ci a ciki." Ta rufe ido. "Da dai kin bar ni ina zuwa ina zama bakin ƙofa. Ba sai an biya ni ba. Zaman gida ne ya yi mini yawa."

Daga nan Zuhaira ta fita ta sami direba, ta ce gobe da asuba ya tafi rijiyar su Ila ya ɗauko shi. Haris yana tsaye, ya buɗe baki, ya ga fuskarta, ya ce, "Ni zan raka shi, Hajiya."

Tafiyar awa uku ce zuwa, in yashi bai riƙe mota ba. Sun iske Ila ya bi shanu gaba, sai da suka neme shi. Da hantsi, Ikilima tana ba uwarta ruwa a cokali, Zuhaira tana mata fifita, Dado ta ce wani abu da Fillanci. Zuhaira ta tambayi me ta ce.

"Cewa ta yi a buɗe wa maruƙa," in ji Ikilima.

Ba ta sake magana ba sai kalmar shahada da Ikilima ta riƙa maimaita mata a kunne. Kafin rana ta take, ta cika.

Motar ta iso ana haɗa ruwan wanka. Ila dogon tsoho ne, da malafa da sanda a kafaɗa. Ya tsaya a ƙofar ɗaki, aka buɗe masa fuskarta, ya duba, ya yi addu'a a hankali. Da ya fito sai idonsa ya faɗa kan ƙofar motar, inda aka liƙa hoton 'yar'uwarsa tana riƙe da ƙwarya.

"Kowace Asabar ina ganinta a nan," ya ce wa Zuhaira. "Ina ce wa yarana, ga Dado ta zo. Na ɗauka lafiyarta ƙalau, tunda ga ta tana dariya. Da na sani da na bar shanun na taho."

Ba zargi ya yi ba, labari ya ba ta. Haris ya zagaya bayan mota ya tsaya can.

Bayan la'asar maza suka dawo daga maƙabarta, suka zauna a ƙofar gida. Matan kamfani duk sun zo, ba wanda ya ce su rufe aiki, sun rufe. Tsakar gida ta cika da tabarmi da ƙananan muryoyi. A can kusurwa, bayan rumbu, jar akuyar Dado take ta kuka tana jan igiyarta, hantsarta ta kumbura. Tun safe ba wanda ya tuna da ita, Ikilima kuma tana cikin masu gaisuwa.

Zuhaira ta tashi ta ɗauki ƙaramar ƙwarya a bakin randa, ta ɗauraye. Ta tattare leshinta ta durƙusa a cikin ƙasa. Shekaru ke nan rabonta da tatsa. Akuyar ta waiwayo ta shinshina hannunta, ta noƙe, ta riƙe nononta. Zuhaira ta jingina goshinta a cikin dabbar, ta jira. Can sai siririn farin zare ya sauka a gindin ƙwaryar, ya tsaya, ya sake sauka.