Kukan Tuluna

Tun da aka binne Mai Tulu gonarsa take kuka. Da zarar iskar la'asar ta taso sai a ji shi, wani gunji mai kauri daga ƙarƙashin ƙasa, wani siriri a bayansa, kamar mutane suna nishi a ɗaki rufe. Masu zuwa rijiya suka canza hanya. Ko awaki ba a ƙara korowa ta wajen ba.

Matarsa ta san abin da ke kukan. Tana nan lokacin da ya fara binne tuluna a gonar, shekarar da damina ta ɗauke da wuri gero ya ƙone a tsaye. Tulun yumɓu ne marar shafe, ya binne shi har wuya, ya cika da ruwa, ya rufe. Ruwan ya riƙa naso ta jikin tulun kaɗan-kaɗan zuwa ga saiwa, rana ba ta samun rabonta. Kewaye da kowane tulu ya shuka abin da gari bai saba gani a wannan faƙo ba: kuɓewa, barkono, wake, kabewa, zogale a gefe, lemun tsami a kusurwa. Ya ce in ɗaya ya ƙi, ɗaya zai yi. Aka yi masa dariya, aka sa masa sunan, sannan aka dawo ana saye a ƙofar gidansa.

A kowane murfi ya soka ɗan guntun gora. Muddin ruwa ya rufe gindin gorar, tulu shiru yake. In ruwa ya ja ƙasa, iska ta bi ta bakin gorar, sai tulun ya yi ƙara. Kowanne da muryarsa. Yana cikin cin abinci sai ya tsaya, ya karkata kai, ya ce, "Na wajen barkono yana kira." Ya ɗauki jarka ya fita. A zamaninsa babu tulun da ya taɓa kira sau biyu.

Yanzu duk suna kira, ita kuma ba ta zuwa. Takan shimfiɗa tabarma a bayan gida, inda katanga ta zube, ta zauna tana ji. Akwai guda ɗaya daga kusurwar lemo mai muryar da ta yi kama da gyaran muryarsa in zai yi magana ya fasa. Ta san ganyen kuɓewa ya fara yaushi, tana hango shi daga nan. Kullum takan ce gobe.

Dogo, ƙanen marigayin, ya same ta a wurin. Ya tsaya bai zauna ba, yana kallon gonar ta wutsiyar ido.

"Yaya, kin mai da wannan abin rediyo ke nan?"

"Kai da ka fi ƙofa tsawo, tulu kake tsoro?"

"Ni ba tsoro nake ba. Mutane ke magana. Sun ce bai kwanta ba."

"Ya kwanta. Kai ka sa shi a kabari da hannunka."

Ya sosa ƙeya. "Na yi wa mai tarakta magana. Yana gama gonar da yake kai zai shigo nan, ya kife ƙasar da tulunan gaba ɗaya. In ruwa ya sauka mu zuba gero kamar kowa. Gonar ma ai ta mutu, dubi can."

Ta duba inda ya nuna. Layin waken da ke bakin hanya ya bushe ƙurmus. Sai a lokacin ta lura kwana biyu ba ta ji muryar wannan gefen ba.

"Me ka yi wa na bakin hanya?"

"Na toshe su da laka. Su suka fi damun masu wucewa."

"Ka rufe wa mai ƙishirwa baki, ka ce ya ƙoshi."

"To ke da kike jin kukan nasu, me kika ba su?"

Ya jira kaɗan, ya ce in ta ga dama ta tsinke abin da ya rage kafin motar ta zo, ya tafi ta doguwar hanya, wadda ba ta bi ta gonar.

Washegari da rana ta karya ta ɗauko jarkokin mijinta daga bayan ƙofa. Igiyar da ya ɗaura wa hannun ɗayar ta yi santsi daidai inda yatsunsa suke kamawa. Ta ja ruwa har kafaɗunta suka yi tsami, ta ɗora a baro, ta turo. Masu ɗiban ruwa suka bi ta da ido, babu wanda ya ce mata sannu.

A cikin gonar kukan ya bambanta da yadda take jin sa daga gida. Yana fitowa ta ko'ina, ta ƙarƙashin ƙafarta. Ciyawar da marigayin ya lulluɓe ƙasa da ita ta ɓoye murafan, sai ta tsaya ta karkata kai, ta bi murya. Ta durƙusa, ta ɗaga murfi, wani sanyi mai warin yumɓu ya bugi fuskarta. Ta zuba ruwa ta mayar da murfin. Wannan ya yi shiru. Ta matsa gaba.

Na bakin hanya ta ƙwaƙule musu lakar da tsinke. Wake ya riga ya tafi, amma kabewar da ke gefensa tana da sauran kore a gindi. Ta zuba musu.

Ta yi sahu ta koma, ta yi sahu ta koma. Gonar tana raguwa da murya ɗaya-ɗaya kamar gidan da baƙi ke watsewa. Na kusurwar lemo ta bari a ƙarshe. Ta zauna kusa da shi, jarka a cinya. Iska ta zo, ya yi gyaran muryar. Ta jira ya sake. Ya sake. Ganyen lemon ya naɗe, wasu sun zubo a kan zanenta. Ta ɗaga murfin ta juye ruwan duka.

Iska ta ci gaba da kaɗawa, babu abin da ya amsa. Ta daɗe a zaune.

Dogo ta hango a bakin hanya, ya yi cirko-cirko yana sauraro. Ya ɗaga murya daga nesa.

"Yaya, me kika yi musu?"

"Ka ce wa mai motarka ya nemi wata gonar."

Ta ɗora jarkokin a baro ta kama hanyar gida. Ta kusa fita sai ta ji wani, siriri, daga can bayan zogale, inda ta san iyakar gonar ta ƙare kuma mijinta bai taɓa ce mata ya binne komai ba. Ta ajiye baron ta ratsa ƙaya. Wani ɗan tsiro ta tarar, bai kai gwiwa ba, an kewaye shi da duwatsu, ganyensa ba irin wanda ta sani ba. Gorar tana leƙowa daga ƙasa a gefensa.

Ta jijjiga jarka, babu ko ɗigo. Rana ta kusa faɗuwa. Ta juya baron wajen rijiya.